Digiri na biyu ko satifiket: da wanne mai son aikin tsaron intanet zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digiri a kimiyyar kwamfuta, na gama bautar ƙasa, ina zaune a Kano ban samu aiki ba tukuna. Yayana ya ce zai biya mini kuɗin ƙarin karatu, amma sau ɗaya kawai. Wasu sun ce in yi digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin fasahar sadarwa, wasu sun ce in nemi takardun shaidar ƙwarewa a tsaron intanet, CEH ko CISSP, domin a nan kuɗi yake. Burina wata rana in zama shugaban sashen tsaron intanet a banki. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa yayanka da alheri. Shawarata ita ce kada ka fara da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Duka suna da ranarsu, amma ranar ba ta zo ba. Abin da kake buƙata yanzu shi ne hannunka ya saba da na'urori na gaske, ka samu aikin farko ko da ƙarami ne, ka riƙe ƙaramar takardar shaida guda ɗaya da za ta sa a kira ka ganawa. Manyan takardun da ake faɗa maka an yi su ne domin wanda ya riga ya daɗe a cikin aikin.

Dubi sharaɗin CISSP da kanka. Ƙungiyar ISC2 da ke bayar da ita ba ta miƙa wa mutum takardar sai ya nuna shekara 5 na aikin da aka biya shi albashi, a aƙalla fannoni 2 daga cikin fannoni 8 da jarrabawar ta ƙunsa. Digirinka zai iya rage maka shekara ɗaya, saura 4. Idan ka ci jarrabawar ba ka da waɗannan shekaru, matsayin mai jiran cikakkiyar takarda za a ba ka, sannan a ba ka shekara 6 ka cike sharaɗin. Kuɗin zama jarrabawar kaɗai dala 749 ne. Ita ma CISM ta ƙungiyar ISACA, wadda aka tsara musamman domin shugabannin sashen tsaro, shekara 5 take nema, kuma 3 daga ciki dole a shugabanci aka yi su. Waɗanda suka kafa waɗannan sharuɗɗa sun san abin da suke yi. Sun san cewa ba a iya tsare abin da ba a taɓa gudanar da shi ba.

Manyan ɓarnar da aka yi a duniya su ne shaida. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urori a ƙasashe da dama, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar da cutar ta bi ta shiga tun watan Maris, ba a dai saka shi a kan na'urorin ba. A shekarar kuma aka kwashe bayanan mutum kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, ta wata kafa a manhajar Apache Struts wadda ita ma an riga an fitar da gyaranta. A 2021 aka shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline da kalmar sirrin wani tsohon asusu da ba a rufe ba, wanda ba a ɗora masa mataki na biyu na tantancewa ba, kuma mai ya yi ƙaranci a gabashin Amurka na kwanaki. A duk ukun, abin da ya gaza aikin yau da kullum ne na sashen kwamfuta: sanin na'urori nawa kake da su, sabunta manhaja a kan lokaci, rufe asusun da aka daina amfani da shi. Wanda ya taɓa zama a wannan kujera ya san dalilin da ya sa ake jinkirta sabuntawa, ya san tsoron da ma'aikaci ke ji kada ya taɓa saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita, aikin kamfani ya tsaya. Irin wannan mutum idan ya koma ɓangaren tsaro, shawararsa tana karɓuwa domin ya san inda ke yi wa mutane ciwo.

To mene ne tushen da nake nufi? Na farko sanin yadda na'urori ke magana da juna. Akwai tambayar da ake yawan yi a ganawar ɗaukar aiki: idan ka rubuta adireshin shafi a burauza ka danna, me ke faruwa har shafin ya bayyana? Mai haddar takarda zai ce intanet ce ta kawo. Wanda ya sani zai fara daga yadda kwamfuta ke tambayar DNS, wato kundin sunayen shafukan intanet, lambar adireshin, ya bi ta gaisuwar TCP mai mataki uku da na'urori biyu ke yi kafin su fara magana, ya zo kan yadda TLS ke kulle zancen, ya faɗi abin da rauta da katangar tsaro ke yi a tsakani. Kafin ya kai ƙarshe masu ganawar sun san matsayinsa. Manhajar karatun CCNA ta kamfanin Cisco ita ce mafi kyawun hanyar da na sani ta koyon wannan, ko da ba ka zauna jarrabawar ba, kuma Cisco Networking Academy tana da darussan farko kyauta. Na biyu Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, har ka daina jin tsoron baƙin allon umarni. Na uku Windows irin ta ofis, musamman Active Directory, domin kusan kowane banki da ma'aikata a kanta suke rarraba asusun ma'aikata da izininsu, kuma ita masu kutse ke fara nema idan sun shiga. Sai ɗan harshen rubuta umarnin kwamfuta, Python ko PowerShell, gwargwadon abin da zai sa ka daina yin aiki ɗaya sau ɗari da hannu.

Wannan duka a ɗakinka za ka fara shi. Laftof mai RAM 8GB za ta ɗauka, 16GB ta fi daɗin aiki. Ka saka VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar gina wasu kwamfutoci a cikin kwamfutarka, kyauta ce. A cikinta ka gina kwamfuta uku: Ubuntu Linux ɗaya, Windows Server ta gwaji ɗaya, Kali Linux ta masu gwajin kutse ɗaya. Ka haɗa su a hanyar sadarwa ta cikin gida wadda ba ta fita waje. Daga Kali ka leƙa sauran da manhajar Nmap ka ga ƙofofin sadarwa da ke buɗe, sannan ka kunna Wireshark, mai nuna bayanan da ke wucewa tsakanin na'urori, ka sake leƙawa, ka kalli yadda leƙen yake bayyana a idon mai tsaro. Ka yi ta gwada kalmar sirri ta ƙarya a kan Windows ɗin, ka buɗe kundin abubuwan da suka faru ka nemo lamba 4625, wadda ita ce alamar an yi yunƙurin shiga ba a dace ba. Ranar da ka ga sawun kanka a cikin wannan kundi, ka fara fahimtar aikin. Bayan nan ka shiga shafin koyon tsaro na TryHackMe, ka bi darussan PortSwigger Web Security Academy waɗanda ba a biyan ko sisi. Duk abin da ka yi ka rubuta shi kamar rahoto: me na nema, me na gani, yaya za a gyara. Waɗannan rahotanni su za ka nuna idan aka ce ba ka da gogewa.

A nan ne kuɗin yayanka zai fara amfani. Laftof mai kyau, abin ajiye wuta ko ƙaramar sola saboda halin lantarkinmu, data ta wata da watanni, sai jarrabawa guda. Wadda nake ba masu farawa shawara ita ce Security+ ta CompTIA. Tambayoyinta ba su wuce 90 a minti 90, ana cin ta da maki 750 cikin 900, kuɗinta wajen dala 400, kuma masu ɗaukar aiki a gida da waje sun san ta. Idan kuɗi ya yi wuya akwai CC ta ISC2, wadda ba ta neman gogewa; a 2022 ƙungiyar ta buɗe shirin bai wa mutum miliyan ɗaya horo da jarrabawarta kyauta. Ragowar kuɗin ka roƙi yayanka ya ajiye maka, za ka neme shi nan da shekara biyu ko uku, lokacin da ka san inda ka dosa.

Game da CEH ta EC-Council, zan faɗa maka ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Sunanta ya fi aikinta. Tana yawan fitowa a tallan guraben aiki a Najeriya, saboda haka ba a ce ba ta da amfani, amma ainihin jarrabawarta ta zaɓi-amsa ce, kuma tana da tsada ga mai biya daga aljihunsa. Idan ma'aikatarka za ta biya maka, ka karɓa da godiya. Wanda yake son ya zama mai gwajin kutse na haƙiƙa, OSCP ta kamfanin OffSec ita ce ake girmamawa: ana ba ka kusan awa 24 ka fasa na'urori da hannunka, sannan a ba ka wasu 24 ka rubuta rahoto. Kuɗin horo da jarrabawar ya haura dala 1,500, kuma ba ta mai farawa ba ce. Sannan ka yi nesa da masu sayar da tambayoyin jarrabawa da aka sato da masu cewa za su zauna maka. Ƙungiyoyin nan suna ƙwace takarda idan sun gano, kuma ko ba su gano ba, minti goma na ganawa ya isa ya tona asiri.

Aikin farko kuwa, kada ka raina shi. Teburin taimakon ma'aikata, kula da hanyar sadarwa a kamfanin da ke raba intanet, sashen kwamfuta na asibiti ko makaranta ko kamfanin POS, duk makaranta ce da ake biyan ka kana koyo. Da ka shiga, ka zama mai ɗaukar ayyukan tsaron da kowa ke gudu. Ka rubuta jerin dukkan na'urorin wurin. Ka bi asusun ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ka ga na waɗanda suka bar aiki. Ka tambaya yaushe aka taɓa gwada dawo da bayanai daga kwafin ajiya. Na taɓa shiga wata ma'aikata da ake ɗaukar kwafin bayanai kowane dare ba fashi, ranar da aka buƙace shi aka tarar faifan ya daɗe da cika, babu abin da ke shiga. Ba wanda ya taɓa buɗewa ya duba. Matashin da ya gano irin wannan kafin ranar baƙin ciki, ba ya buƙatar ya roƙi a mayar da shi sashen tsaro. Kuma waɗannan ayyuka suna shiga lissafin shekarun da CISSP ke nema.

Bayan shekara ɗaya ko biyu za ka ga hanyar ta rabu. Mafi yawan masu shiga tsaro ta ɗakin sa ido suke shiga, wanda ake kira SOC. Aikin karɓa-karɓa ne, dare da rana. Kana zaune gaban allo da ƙarfe biyun dare, sai gargaɗi ya taso: asusun wata ma'aikaciyar sashen kuɗi ya shiga daga Legas, bayan minti goma ya sake shiga daga wata ƙasa ta Turai. Ba ka da damar firgita, ba ka da damar sharewa. Za ka duba ko tana amfani da VPN, manhajar da ke sa a ga kamar mutum yana wata ƙasa, ko na'urar da aka shiga da ita sananniya ce, ko an ƙirƙiri wata doka a akwatin imel ɗinta mai tura wasiƙu waje a ɓoye, domin wannan ita ce dabarar masu damfarar canza lambar asusun biyan kuɗi. Idan alamu sun taru, ka rufe asusun, ka tashi na gaba da kai daga barci, ka rubuta abin da ka gani da lokacinsa daidai. Mafi yawan gargaɗin da za ka bi ba komai ba ne, kuma haƙurin bin su duka shi ne aikin. Kayan aikin su ne manhajojin da ke tara bayanan na'urori su ta da gargaɗi, irin su Splunk da Microsoft Sentinel, kuma akwai Wazuh da za ka iya sakawa a ɗakinka kyauta ka saba.

Akwai hanyar da matasanmu ba su cika kallo ba, alhali ita ta fi kusa da kujerar da kake buri: ɓangaren dokoki, auna haɗari da binciken bin ƙa'ida. A nan ake aiki da ma'aunin tsaron bayanai na ISO 27001, wanda bugunsa na 2022 ke da matakan kariya 93, da PCI DSS na masu hulɗa da katin banki, da tsarin tsaron intanet na hukumar NIST ta Amurka da aka sabunta a 2024. Takardar da ta fi tasiri a nan ita ce CISA ta ISACA, wadda ake bayarwa tun 1978, kuma ƙungiyar tana da rassa a Abuja da Legas inda za ka haɗu da manyan fannin. Doka ce ke haifar da guraben wannan ɓangare. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar tsaron intanet da ta wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai, wato ainihin muƙamin da kake so. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, aka kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce manyan masu riƙe bayanan mutane su naɗa jami'in kare bayanai, kuma idan an yi kutsen da zai iya cutar da mutane a sanar da hukumar cikin awa 72. Asibitoci, jami'o'i, kamfanonin sadarwa da na bayar da bashi ta waya duk abin ya shafe su, kuma waɗanda suka karanta dokar nan da kyau har yanzu ba su da yawa. Ka sauke ta ka karanta daga farko zuwa ƙarshe, ba ta fi ƙarfinka ba.

Shugabancin sashen kwamfuta kuma wani abu ne daban da ƙwarewar hannu, kuma da yawa daga cikin gwanayenmu a nan suke tuntuɓe. Shugaba yana kwana da kasafin kuɗi, da kwangilar 'yan kasuwar da ke kawo kaya, da ma'aikacin da ke shirin tafiya waje, da hukumar daraktocin da ba ta san mene ne saba ba amma ita ke sa hannu a kuɗi. Dole ya iya tsayawa gabansu ya ce: idan wannan na'ura ta tsaya awa shida ga abin da za mu yi asara, ga kuɗin hana hakan, ku zaɓa. Takardar ITIL 4 tana koyar da tsarin gudanar da hidimar sashen kwamfuta, musamman yadda ake shigo da canji ba tare da an rusa aiki ba. Wanda yake ganin wannan cika takarda ne kawai ya tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da sabuntawa guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Babu ɗan kutse ko ɗaya a lamarin. Sai PMP ta gudanar da ayyuka, ita ma tana neman wata 36 na jagorantar aiki ga mai digiri. Ka ga ita ma ta gaba ce.

Kujerar tana da nauyin da ya wuce albashi. A 2022 wata kotu a Amurka ta samu Joe Sullivan, tsohon shugaban tsaro na kamfanin Uber, da laifi saboda ɓoye wa hukuma kutsen da aka yi wa kamfanin a 2016. Mutum ne da ya taɓa zama lauyan gwamnati, ya kuma riƙe tsaron Facebook. Ranar da za ka zama shugaba, za a zo maka da maganar a rufa asiri kada sunan kamfani ya ɓaci, kuma amsar da za ka bayar ba a cikin wata manhaja take ba.

Digiri na biyu yana da wurinsa. Idan koyarwa a jami'a ko bincike kake so, wajibi ne, ka tafi kai tsaye. A aikin gwamnati yana taimakawa wajen ƙarin girma, a banki kuma yana ƙara nauyi idan an zo zaɓen wanda za a ba babban muƙami. Amma wanda ya shiga ajin gudanarwa bai taɓa gudanar da komai ba, haddar kalmomi zai yi. Wanda ya shiga bayan shekara uku ko huɗu a bakin aiki, kowane darasi yana da fuskar wani da ya sani. Jira kuma yana buɗe ƙofar tallafi: Chevening ta gwamnatin Birtaniya ba ta karɓar mutum sai yana da gogewar aiki ta shekara 2, kuma PTDF da NITDA su ma suna bayar da tallafin karatu. A gida, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana cikin na farko da suka buɗe sashen tsaron intanet mai zaman kansa. Duk inda za ka je, ka nemi jerin darussan ka karanta, ka tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin, ka tambayi ɗaliban da ke ciki ko suna taɓa na'ura ko allo kawai suke kallo. Ka kuma san da hukumar CPN da aka kafa a 1993 domin rajistar ma'aikatan kwamfuta, saboda wasu guraben gwamnati suna tambayar rajistarta.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai da babbar murya. Da hannunka ya fara faɗawa, za ka ga kafofi a shafukan makarantu da kamfanoni, zuciya ta ce ka gwada ka nuna musu. Kada ka taɓa na'urar da ba taka ba sai da izini a rubuce. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara, kuma kyakkyawar niyya ba ta hana a kama mutum. Mai son gwada ƙwanjinsa a kan kamfanoni na gaske ya je HackerOne ko Bugcrowd, inda kamfanonin da kansu suka ba da izini suka kuma shata iyaka. Za ka kuma samu abokai da za su zo da maganar buɗe asusun wani ko karanta saƙonnin wata, wasu har da kuɗi a hannu. Banki yana binciken tarihin wanda zai damƙa wa makullansa, kuma masu wannan fanni a Najeriya ba su da yawan da labari zai ɓata a tsakaninsu.

Ka shirya wa maganar wuri tun yanzu. Hedikwatar yawancin bankuna da kamfanonin kuɗi na zamani a Legas take, hukumomin gwamnati irin su NITDA da NDPC da cibiyar ngCERT ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro suna Abuja. Mai yiwuwa ne ka bar Kano na wasu shekaru, gara ka fara sanar da iyaye da wuri. Aikin nesa da kamfanonin waje yana samuwa, amma sun fi ɗaukar wanda ya riga ya goge, kuma suna son Turanci mai tsabta a rubuce, domin rabin aikin rahoto ne. Ka ba rubutun Turancinka lokaci kamar yadda kake ba Linux. Hausarka ma jari ce. Damfarar da ta fi cin mutanenmu ita ce ta kiran waya a ce daga banki ne, a karɓi lambar OTP ko BVN, da ta rasit ɗin ƙarya da ake nuna wa masu POS da 'yan kasuwa. Bankuna da kamfanonin da ke da dubban wakilai a Arewa suna buƙatar wanda ya san fasahar, kuma zai iya tsayawa a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya yi wa mutane bayani su gane. Idan ka shirya irin wannan zama ko da na mutum ashirin ne a unguwarku, ka rubuta shi a takardar neman aikinka tare da rahotannin gwaje-gwajen da ka yi a ɗaki, sannan ka fara aikawa tun kafin sakamakon Security+ ya fito.